Aron Gishiri a Ɗakin Baƙuwa

Wanda ya tsere daga Sabon Birni ya faɗa ƙasar Gidan Rumji bai canja harshe ba. Bai canja alƙibla ba. Tuwon da za a miƙo masa da dare na gero ne, irin wanda ya baro, miyar ma ta kuka ce. In ya dubi mai masaukinsa da kyau, ta yiwu ya ga tsagar Gobirawa a kumatunsa, irin ta kakansa. Duk da haka, gari na wayewa zai gane a wata ƙasa ya kwana. Mai kakin da ke tsaye a bakin hanya jandarma ne. Takardar da za a ba shi da Faransanci aka rubuta ta. Lambar wayar mutanen garin ma gajeruwa ce, alƙaluma takwas kacal.

Ka san mafarin abin, maƙwabci. 'Yan bindiga suka addabi ƙauyukan gabashin Sakkwato da Zamfara da Katsina. A kore shanu, a ƙona rumbu, a ɗauke mutum a nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum dubu 20 sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi ta Nijar cikin 'yan makonni. Kafin ƙarshen Satumban shekarar adadin ya haura dubu 40, kuma bai tsaya nan ba. Akasarinsu mata ne da yara. Babu sansanin da ke jiransu. A gidajen mutane suka sauka, a ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Gidan Sori da Tsibiri, har zuwa Madarumfa. Ko da motocin agaji suka iso, sun tarar an riga an shimfiɗa tabarma, an dama fura.

Ka lura da watan da abin ya tsananta. Afrilu da Mayu ne, tsakiyar bazara. A lokacin nan rumbun talaka ya yi ƙasa, sai an ɗaga yaro an zura shi ciki kafin a ciro dami. Abin da ya rage iri ne, da ɗan wanda za a ci a yi noma. Daga irin wannan rumbun aka ciyar da baƙi. Gidan da ake surfa tiya ɗaya ya koma surfa uku. Aka fitar da awaki daga ɗakin baya, aka share, aka zuba sabon rairayi.

Garuruwan nan su ma sun san gudu. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 ne suka mai da Maraɗi gida, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Daga Tsibirin nan ɗayansu, Ɗan Halima, ya fita ya kafa Sabon Birni. To, jikokin waɗanda suka fita ne ke dawowa yau da tukunya a ka da goyo a baya. Iyakar da ta raba su Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima.

Ranar farko ba ta da wuya. Duk wanda ya ga mace da ƙafa a kumbure, yara uku riƙe da zanenta, zai ba ta ruwa ko shi wane ne. Ana taruwa, ana "sannunku, sannunku", ana "Allah ya kiyaye gaba". Ni mako na huɗu nake dubawa. Lokacin jama'a sun watse, kowa ya koma ga sha'aninsa. Baƙuwa tana zaune a ƙofar ɗakin da aka ba ta. Tana da wurin kwana, tana da abin sawa a baki, amma ba ta san kan garin ba. A nan ake ganin wata irin mace, kusan kowane ƙauye akwai ta. Ba wanda ya naɗa ta. Ba ta da riga mai tambari, ba ta karɓar ko dala. Ita ce za ta leƙo da sassafe da guga a hannu, ta ce, "Taso mu tai rijiya."

Rijiya tana da doka, kuma ba a rubuce take ba. Akwai wadda ta ajiye tulunta tun asuba ta koma gida, layinta na nan daram. Akwai lokacin da masu dabbobi ke shayarwa, ba a tsoma musu guga. Inda famfo ne, akwai kuɗin jarka, akwai dattijon da ake ba. Baƙuwar da ta je ita kaɗai za ta raɓe gefe har rana ta take, ko ta tsallake tulun wata ba da saninta ba, a yi mata kallon mara kunya. Wadda ta je da 'yar gari ba ta shan wannan. 'Yar garin za ta ajiye jarkar baƙuwa kusa da tata, ta dubi sauran ta ce, "Ƙanwata ce." Shi ke nan. Ba mai tambayar uwa ɗaya ko uba ɗaya.

Sai kasuwa. Mutumin Nijeriya ya daɗe da manta kuɗin ƙarfe, yaran da aka haifa a shekarun nan ba su taɓa sayen komai da sulalla ba. A Nijar kuwa da su ake ƙananan cinikin yau da kullum. Lissafin kuma da dala ake yin sa, dala ɗaya sefa biyar. Mai daddawa ta ce ashirin, nufinta sefa ɗari. Ta ce ɗari, nufinta ɗari biyar. Jaka guda sefa dubu ce. Ƙarfen da aka buga wa 100 a jiki shi ake kira ashirin. Na ga wata baƙuwa a gaban mai kayan miya, ta buɗe tafin hannu da sulalla a ciki, ta miƙa masa ya zaɓi abin da ya ga dama. Matar da ta rako ta ta kama hannun ta dunƙule shi. Ta ja ta gindin bishiya, ta jera kuɗin a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana nunawa da yatsa: wannan biyar, wannan goma, wannan ashirin. Sai da baƙuwar ta faɗa da bakinta ba kuskure suka koma. Albasa da barkono suka saya. Aka ba ta canjin dala biyar, ta juya shi ta duba kafin ta ƙulle.

'Yan kuɗin da ta tsira da su naira ne. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa ta zube ƙwarai daga tsakiyar 2023. Abin da ɗan'uwa ya turo daga Sakkwato, kafin ya fito daga hannun ɗan canji ya ƙanƙance. Wane ɗan canji ne ba ya cutar mace baƙuwa? 'Yar gari ta san shi, ta san rumfarsa.

Itace ya fi ruwa haɗa faɗa. A ƙasar Maraɗi bishiyar gona tana da mai ita. Tun shekarun 1980, bayan fari da gatari sun cinye daji, manoman yankin suka koma barin tohon kututture a gonakinsu. Su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe sauran. Sassaben zamani suke ce masa. Kalgo da sabara da gawon da kake gani a gonakin nan, kowanne hannu ya raine shi shekara da shekaru, kuma mai gona ya san su ɗaya-ɗaya. Baƙuwa ba ta san da wannan ba. Ta ga itace a tsaye, ga tukunya na jiran wuta. Ta aiki ɗanta da gatari. Ya dawo da ɗanyen reshen kalgo, mai gona na biye da shi yana huci. In gawo ya taɓa ma, maganar har gaban malamin daji tana kaiwa, tara ce. Sau da yawa daga irin wannan ranar ake fara jin kalmar "mutanen nan" a bakin 'yan gari.

Ƙawar kirki tana riga abin faruwa. Ta kwashi yaran baƙi ta zaga da su bayan gari. Wannan ba a taɓawa. Wancan busasshen da ya faɗo, ku tambaya tukun. Gonar can ta ƙanen mijina ce, ku tsinci kara, in an yi magana ku ce ni na aiko ku. In kuwa aikin gama ya gama, ta riƙo hannun yaron, ta sayi goro, su je ƙofar mai gona. Ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi haƙuri. Yaro ne, kuma baƙo ne, mu ne ba mu gaya mishi ba." Dattijon ya yi faɗansa ya gama, ya karɓi goron. Reshen dai an bar musu, an ce kada a ƙara.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta. Magani yakan yanke, gaskiya ne, amma dokar na nan. Baƙuwa ba ta ji labari ba. Yaro na zazzaɓi kwana uku tana jiƙa masa saiwa, don ta ƙirga abin da ke bakin zanenta ta ga ba zai kai ba. Sai wadda ta sani ta zo ta taɓa goshinsa, ta ce, "Ɗauko shi." Ta san ranar awo. Ta san ƙofar da ake fara shiga, ta san wace ma'aikaciya ce mai sauƙin kai. Da aka ba su kati, ita ta nemo leda aka sa shi ciki saboda ruwan sama.

Makarantar allo ba ta ba da wahala. Malam ya saurari yaro, ya ji inda ya tsaya a garinsu, ya ce a wanke a rubuta na gaba. Ta boko ce ke karya gwiwa. Yaron da ya kai aji huɗu da Ingilishi zai zauna cikin sa'annin ƙannensa yana koyon ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci. Da yawa sukan bari. Wanda ya daure, in ka bincika, akwai wani ɗan gari sa'ansa da ke biyo masa kowace safiya, ya tsaya a ƙofa yana kiran sunansa har ya fito.

Akwai abubuwan da ba sa cikin takardar kowace ƙungiya. 'Yan bindiga a kan babura suke zuwa, biyu-biyu ko uku-uku, kuma ƙarar ce ke riga su isowa. A ƙasar Maraɗi kuwa babur abin hawan kowa ne. Na san wani gida da ɗan maigidan ke kabu-kabu, sai bayan isha'i yake dawowa. Daren farko da ya shigo da babur yana ruri, yaran baƙi suka tarwatse. Ƙaramar cikinsu ta shige ƙarƙashin rumbu ta ƙi fitowa. Ba wanda ya yi wa saurayin dogon bayani. Daga ranar, in ya kawo wajen masallaci sai ya kashe injin, ya turo babur ɗin da hannu har gida. Rairayin unguwar mai zurfi ne, yakan iso da gumi har wuyan riga.

Baƙuwa ta gaji da tambaya. Mai gari ya tambaye ta. Jandarma ya tambaye ta. Masu rajista sun ɗauki zanen yatsunta da hoton ƙwayar idonta, sun tambayi shekarunta da na kowane yaro, da sunan garinsu, da ranar da ta fito, da abin da ya fito da ita. Aikinsu ne, kuma da rajistar nan ake samun katin da ake cin abinci da shi. Gobe wata ƙungiya ta zo ta sake daga farko. 'Yan jarida su zo da abin ɗaukar magana, su ce ta faɗi abin da ya faru a taƙaice. Amsar ta zama hadda: sun zo da dare, mun gudu, mun kwana a daji.

Ƙawa ba ta tambaya. Wata biyu suna daka tare, hirarsu ba ta wuce tsadar gero da ƙiriniyar yara. Ba ta ce ina mijinki ba. Ba ta ce me ya sa babbar ɗiyarki ba ta magana ba. Labarin da kansa yake fitowa, kuma na lura wajen kitso ya fi fitowa. Mai kitso na zaune a kan kujera, wadda ake wa kitson na ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta ba ta baya. Ido ba ya ganin ido. Ana tsagawa, ana kamawa. Sai murya ta fara fita a hankali, mai ita tana kallon ƙasa. Mai kitso ba ta tsayar da hannu, don ta san in ta tsaya maganar ma za ta tsaya. Iyakarta "Allah sarki", da "Inna lillahi", sai kuma "juyo wannan gefen". Abin da aka faɗa a wurin ba ya zuwa bakin rijiya. Kitson da ake gamawa kafin azahar, ranar yakan kai la'asar.

Damina na faɗuwa, 'yan mazan da suka ƙetaro sukan koma. Gona ba ta jira. A wasu garuruwan sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a girbe. Mutum ya bar iyalinsa a hannun mai masauki, ya ce ga amana nan, ya bi hanyar ƙafa cikin dare. In an yi sa'a ya dawo da kaka da ɗan buhu a kan jaki. Wani lokacin iyalin duka ke komawa, an ce gari ya lafa. A mayar da turmin aro, a yi ban-kwana da hawaye, a mai da awaki ɗakinsu. Bayan wata uku a ji sallama da tsakar dare. Ba a tambayar me ya faru. A tashi yara su fitar da awakin.

Wani kuma ba ya dawowa. Labarin ta waya yake zuwa, sau da yawa wayar aro. An kashe wane a gona. Wane da aka ɗauke, an ce a daina jira. Babu gawa, babu kabarin da za a je a gani, babu dangin da za su cika gida. Abin da na gani a irin wannan ranar ya tsaya mini a rai. Maƙwabta suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo. Maza suka zauna a waje, mata suka shiga ciki, ana ta "ya haƙuri", ana "Allah ya jiƙansa", a kan mutumin da mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Ranar uku aka yi gumba aka raba wa yara. Matar ta shiga takaba a ɗakin aro. Wata huɗu da kwana goma, maƙwabciya ce ke ɗebo mata ruwa.

A wasu ƙasashen an mai da wannan aiki tsari. A Kanada, a 1979, lokacin da mutanen Biyetnam ke tserewa ta teku cikin ƙananan jiragen ruwa, aka fara ba mutum biyar damar haɗuwa su ɗauki nauyin iyali guda na 'yan gudun hijira har shekara ɗaya. Su tarye su a filin jirgi, su kama musu gida, su sa yara makaranta, su nuna musu motar da za su hau da inda ake sayen rigar sanyi. Ingila ta fara irin nata a 2016. Ana yabon tsarin, kuma ya cancanta. Amma in ka bi ayyukan ɗaya-ɗaya, da wuya ka ga wanda matan Gidan Sori ba sa yin irinsa. Abu biyu nake sha'awa a nasu na can. Nauyin a kan mutum biyar yake, kuma yana da wa'adi. A nan gida ɗaya ke ɗauka, kuma ba wanda ya gaya masa ranar sauke kaya.

An ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta shekara da shekaru ba ta bushe ba. Mai masauki mutum ne, yana gajiya. Gero ya yi tsada. Rufe iyakar da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sun ƙara wa kayan masarufi kuɗi. Ladan ƙwadago ya faɗi, domin baƙon da ba shi da gona zai yi noman yini a kan abin da ɗan gari ba zai karɓa ba. Ƙasar noma dama ta yi wa 'yan gari kaɗan, gonar gado an raba ta an sake rabawa har ta koma ɗan tsiri. Sai a zo rabon agaji a kira masu kati. Wanda ya ƙarar da rumbunsa a kansu yana tsaye daga nesa, sunansa ba ya cikin takarda. Ba na ganin laifinsa in ransa ya sosu. Ga kuma tsoro. 'Yan bindigar ma sun iya ƙetaro iyaka, sun sha kai hari ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji har wasu 'yan ƙasar suka bar gidajensu. Sai raɗe-raɗi ya tashi, wai cikin baƙi akwai masu kai rahoto. Rannan baƙo yake bukatar mutum ɗaya da zai miƙe a ƙofar mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan a gidana yake kwana, ni na san shi."

Hukumomi sun gane wani ɓangare na wannan. Da aka tashi janye mutane daga bakin iyaka, ba a yi sansani mai shinge ba. An zaɓi ƙauyuka irin su Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, aka zaunar da baƙi kusa da 'yan gari, aka yi famfo da aji da ɗakin shan magani na kowa da kowa. Dabara ce mai kyau. Amma ba kowa ya hau motar ba. Wasu saboda gonarsu na bayan iyaka, suna son su riƙa satar jiki suna dubowa. Wasu kuma gidan da suka saba ne ba sa son bari. A can, wa zai riƙe wa mace jariri in za ta tsintar kara?

Yanzu ga abin da na fi so ka lura da shi, maƙwabci. Mutumin da aka yi wata shida ana ba shi yana karɓa, wani abu yakan fara mutuwa a jikinsa. Matar nan a garinsu tana da turminta da tabaryarta, tana da awaki, ita ke aika wa maƙwabta tuwon salla. Ta yi wa 'ya'yan mutane gudunmawa, an san ta a gidan biki. Yau bakinta ya gaji da "na gode, Allah ya saka". In ka duba da kyau, za ka ga ta fara sunkuyar da kai tun kafin a miƙo. Masu agaji ba su da maganin wannan, domin aikinsu bayarwa ne.

Maganin na hannun maƙwabciya, kuma ɗan ƙarami ne. Wata rana da yamma, tukunya na kan wuta, sai ta aiko ɗiyarta. Yarinyar ta yi sallama ta ce, "Inna ta ce a gaishe ki, wai in kina da gishiri ki ɗan sam mata." Na san gidan da aka aiko ta, na kuma san akwai gishiri a cikinsa. Da ma ka ga yadda baƙuwar ta miƙe. Ta shiga ɗaki da sauri, ta kwance ƙullin leda, ta zuba fiye da abin da aka roƙa, har ta ɗora ɗan ƙullin daddawa a kai. Ta rako yarinyar har bakin zana tana cewa, "Ki ce mata in bai isa ba ta aiko." Rabon da wani ya nemi abu a hannunta tun tana garinsu.

Daga gishiri abin ke hawa. Gobe a bar mata yaro za a je unguwa. Jibi a ce ta zo ta kama dakan suna, an ji hannunta na da kyau a fura. Sai a gano wannan ta iya ƙuli-ƙuli, waccan ta iya saƙar faifai. Wata ma ungozoma ce, ta tsufa tana karɓar haihuwa a garinsu, ba wanda ya sani don ba wanda ya nema.

Na maza ya fi ɓoyuwa. Magidancin da ya saba fita gona tun duku-duku ya koma zaman gindin bango. Ba ya kuka, ba ya magana. Wani dattijo ya matsa masa wuri a kan dakali bayan la'asar, ya ɓara goro ya miƙa masa. Kwana biyu ya ce, "Malam, zo ka duba mini bijimin nan, ya ƙi cin abinci." Baƙon ya zagaya bijimin, ya buɗe bakinsa, ya taɓa kunnensa, ya faɗi abin da za a jiƙa masa. Garke gare shi kafin a kore. Ranar ya yi maganar da bai yi ba cikin wata guda. Daga baya aka ba shi aron ɗan gefen gona, aka ce da kaka ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ya kawo dami biyu a ka. Mai gonar bai ce ya bar shi ba, ya sa yara suka jefa a rumbu.

Malamanmu suna ba da labarin Abdurrahman bin Auf, da ya isa Madina hannu wofi, aka ƙulla masa 'yan'uwantaka da Sa'ad bin Rabi'. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'ar albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. In ana wa'azi, karamcin Sa'ad muka fi riƙewa, kuma abin riƙewa ne. Ni dai ina jin roƙon Abdurrahman a bakin kusan kowane ɗan gudun hijirar da na zauna da shi, ko da bai furta ba. An nuna masa kasuwar. Da cuku da man shanu ya fara.

Kasuwar mata a ƙauyukan nan asusu ce. A jihar Maraɗin nan aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mata su taru kowane mako, kowacce ta zuba ɗan abin da aka yanka, a ba mai bukata rance ta juya ta mayar da ɗan ƙari. Ba a shigar da wadda ba a sani ba, kuma suna da hujja. In ta ɗauki rance ta ƙetara iyaka, wa za a kama? Sai ƙawar nan ta tsaya mata a gaban taro, ta ce, "In ta gudu ku kama ni." Da rancen farko baƙuwar ta sayi gyaɗa tiya biyu, ta soya, ta matse mai, ta murza ƙuli, ɗanta ya ɗauki faranti zuwa tasha. Ta mayar da kuɗin a kan lokaci. Ranar da ta makara zuwa taro, aka ci ta tarar dala biyar yadda ake cin kowa. Ta yi gardama, ta ce inuwa ba ta kai gindin bango ba tukun. Mata suka ce ta kai har ta wuce. Ta kwance bakin zane ta biya tana mita.